Rigar da Ta Ƙi Hannun Dama

Da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma ruwan da aka wuni ana yi ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo ta saman gidajen da ke tsallaken titi. Ina zaune a bakin shagona, na kwance wani keken ɗinki ina wanke cikinsa da kananzir, sai wayata ta yi ƙara a aljihu.

Hannuna duk baƙin mai ne, don haka ban yi gaggawar ɗauka ba. Sai da na goge yatsu biyu da tsumma, na zaro ta, na ga sunan da ke kai.

Wata uku da kwana tara ke nan rabon da Malama, wadda nake nema da aure, ta kira ni.

Ba faɗa muka yi ba. Mahaifiyarta ce, Umma, ta ce kada in ƙara taka ƙofar gidansu, kada kuma 'yarta ta ƙara kirana. Dalilinta ɗaya ne, ba ta kuma ɓoye shi ba. Ni a aji huɗu na firamare na tsaya, na kama sana'ar gyaran keken ɗinki. Ita kuwa Malama koyarwa take yi a sakandare, ga shi ta gama digirinta, ranar Asabar za a yi taron ba su takardar shaida.

Akwai kuma wani mai neman ta, manajan wani kamfanin sayar da magunguna, wanda duk gidan ke kira Manaja. Shi Umma take so.

Abba, mahaifin Malama, ya ce shi ba zai tilasta wa 'yarsa kowa ba, amma kuma ba zai ba da ita ga wanda uwarta ba ta sa wa albarka ba. Ya ce ranar Lahadi, washegarin taron, zai zauna da Umma ya ji maganarta ta ƙarshe a kaina. In ta ce a'a, an rufe zancena ke nan.

Wannan rana da nake ba ku labari Alhamis ce.

Na ɗaga wayar na yi sallama. Muryata ta fito kamar ta aro.

"Injiniya," ta ce. Ita kaɗai ke kirana haka. Da tsokana ta fara, har sunan ya bi ni.

"Malama, kada ki saɓa wa Umma saboda ni. Mun yi alkawari fa."

"Ita ce ta ce in kira ka."

Na miƙe tsaye ban sani ba, har na ture gwangwanin kananzir.

"Kada ka yi murna da yawa," ta ce, tana 'yar dariyar da na ji kuka a ƙarƙashinta. "Ba kai take nema ba, akwatin kayan aikinka take nema. Kekenta ne."

Ta ba ni labari. Manaja ya yi tafiya ƙasar waje ya dawo mata da yadi mai tsada, da wani ambulan mai hoton riga a bayansa. A ciki akwai takardun da ake shimfiɗawa a kan yadi a bi layinsu a yanka. Umma, wadda ta shekara talatin tana ɗinki a gida, ta rantse ita za ta ɗinka wa 'yarta wannan riga ta sa ranar Asabar, kowa ya ga kyautar Manaja a jikinta. Kwana uku ke nan ana fama. Komai ya zauna, sai hannun dama kaɗai ya ƙi. Umma ta ce keke ne yake tattare yadin. An kira masu gyara biyu, duk sun ce keke lafiyarsa ƙalau, ta sallame su da faɗa.

"Sai yau ta ce, kira min wancan. Ko sunanka ba ta iya faɗa ba."

"Wancan ɗin ma ya ishe ni," na ce.

Sai kukan ya ƙwace mata.

"Injiniya, na gaji, wallahi na gaji. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai ta zaunar da ni. Ta ce in na aure ka wa zai duba wa 'ya'yanmu aikin makaranta. Na ce ni. Ta ce in aka kawo takarda gida ba na nan fa? Na ce za ka ajiye min. Ta ce ni yarinya ce ban san duniya ba. Shekarata ashirin da shida, Injiniya! Manaja bai taɓa yi min laifi ba, amma in yana magana ƙirga falle-fallen silin nake yi. Ba zan aure shi ba. Kai ma kuma ba zan aure ka Umma na kuka ba. To ina zan sa kaina?"

Ni dama ba gwanin magana ba ne.

"Innata ma ta ce in haƙura," na ce, "ta ce in nemi daidai ni."



"Ka haƙura ɗin?"

"Da na haƙura, da ban tsaya goge hannu ba kafin in taɓa wayar da sunanki ya fito a kai."

Ta ja hanci. "To taho. Ka bi a hankali, titinmu duk ruwa ne."

Na rufe shago, na ɗaure akwatina a bayan babur. Duk hanya ina jin iska mai sanyi tana shiga ƙirjina, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ko ba komai yau zan gan ta.

Ina karya kwanar layinsu na hangi farar mota a ƙofar gidan. Motar Manaja ce, yana cikin gidan ke nan.

* * *

Falon yana nan yadda na san shi. Keken Umma baƙi ne, irin na da, mai feda, yana gindin taga. A kansa na fara sanin gidan shekara biyu da suka wuce. Sai dai yau teburin cin abinci ya cika da wata takarda ruwan ƙasa, siririya kamar ɓawon albasa, an tsattsaga ta gunduwa-gunduwa, ga fil a warwatse, ga alli, ga almakashi. Yadin shuɗi ne mai duhu da ƙananan fararen ganye a fuskarsa. Gaskiya yadi ne na gani na faɗa.

Na rusuna. "Umma, ina wuni?"

"Lafiya." Ko kallo ban ishe ta ba. "Mai Keke, ga shi nan. Tattare min yadi yake yi. In ba za ka iya ba ka faɗa da wuri."

Manaja yana kan doguwar kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, ya baje takardar bayanin ɗinkin kamar jarida. Ƙamshin turarensa ya cika ɗakin.

"A'a, ashe kai ne babban likitan," ya ce yana murmushi. "Sannu da zuwa. Ni na ce wa Umma ta bar ni in kawo mata na lantarki a huta, ta ƙi."

"Sannu, ranka ya daɗe," na ce.

Malama na tsaye a bakin ƙofar kicin, idonta ya yi ja. Kallo ɗaya na yi mata na sunkuyar da kai, don kada Umma ta ce da wata manufa na zo.

Na zauna a gaban keke. Ba na aiki da sauri, haka Allah ya yi ni. Na taɓa bel na ji ƙarfinsa. Na cire allura na mirgina ta a kan gilashin taga in ga ko ta lanƙwashe. Na buɗe ƙasa na duba zaren ciki, na hure ƙura, na gwada matsin zaren sama. Sannan na ɗauki wani ƙyalle na taka feda.

Ɗinki ya fito sambal, sama da ƙasa, kamar an ja layi.

Keke ba shi da laifi. In kuwa na faɗa, na zama na uku da za a kora, kuma ni korata ba irin tasu ba ce.

"Umma, in ga wurin da yake tattarewa?"

Ta turo min rigar. Hannun hagu ya zauna a kafaɗa lafiya lau, ko ɗan ƙulli babu. Na dama kuwa a cire yake. Sau huɗu ta ɗinka tana farkewa, har bakin yadin ya fara zarewa. Ta nuna min da yatsa.

"Ta gaba ya taru ya yi tulu, ta baya ya ɗame. In na ja nan, can ya gudu."

Na ga in aka ƙara farke shi sau ɗaya, yadin ba zai ƙara riƙe zare ba.

Na matsa kusa da tebur na ɗauki takardar da aka yanki hannun da ita. Manaja ya yi dariya.

"Da Turanci aka rubuta fa, malam. In karanta maka?"

Na ji kunnena ya yi zafi. Malama ta buɗe baki, Umma ta harare ta.

"A'a, ranka ya daɗe," na ce, "hotunan nake kallo."

Gaskiya na faɗa. Kekunan da ake kawo min, littattafansu da harsuna iri-iri suke zuwa, wasu ma duk layinmu babu mai iya karanta su. Tun ina koyon aiki na saba bin zane da kibiya da ƙananan alamomi, don su ba ruwansu da ajin da ka tsaya.

A bakin takardar, wajen da zai haɗu da kafaɗa, na ga wasu 'yan tsaga kamar haƙoran zarto. Gefe guda tsaga ɗaya, ɗaya gefen tsaga biyu. Na duba hammatar rigar. Umma ta bi takarda da kyau, ta fitar da alamomin duka: ta gaba ɗaya, ta baya biyu. A hannun hagu, ɗaya ta sami ɗaya, biyu sun sami biyu. Na kara hannun dama a wurinsa, fuskar yadi a waje. Biyu suka faɗo a kan ɗaya.

Na leƙa takardar da ke hannun Manaja. A zanen da ke nuna yadda za a jera gunduwoyin a kan yadi, an zana hannun riga sau biyu. Ɗaya fari, ɗaya an yi masa ɗige-ɗige, kuma ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Nan na gane.

"Wa ya yi yankan?" na tambaya a hankali.

"Ni na karanta, Umma ta yanka," in ji Manaja, yana gyara zama. "Ai da ta so ta ninka yadin ta yanka irin yadda ta saba. Na ce a'a Umma, wannan aikin masana ne, a shimfiɗe suka zana shi, a bi takarda. An rubuta a yanka biyu, muka yanka biyu, ɗaya bayan ɗaya."

Maganar tana kan harshena. Kalma biyar ta isa in ajiye shi a gaban Malama. Sai na kalli Umma. Ta riƙe almakashi a cinya, fuskarta ta faɗa don gajiya.

Na haɗiye maganar.

"Sai na ɗan kwance keken na sa masa mai," na ce. "Zai ɗauki lokaci."

Manaja ya kalli agogonsa, ya ce yana da zama a ofis ƙarfe biyar. Ya yi wa Umma sallama da ladabi. Ta ce Malama ta raka shi mota, Malama ta bi shi tana jan ƙafa.

Ƙofa ta rufe. Ya rage daga ni sai Umma.

* * *

Na ɗiga wa keken mai a duk inda ake ɗigawa, don kada maganata ta zama ƙarya. Sannan na goge hannuna sosai, na shimfiɗa hannun rigar a tebur.

"Umma, ki yi haƙuri, zan nuna miki wani abu. Ba keke ba ne."

Ta ɗago a fusace. "Kai ma?"

"Ba hannunki ba ne kuma. Ɗinkinki ko a shago ban ga irinsa ba. Dubi nan."

Na nuna mata tsaga ɗaya da tsaga biyu. Na ɗora takardar a kan hannun da ya ƙi, rubutu yana kallon sama, ta zauna daidai. Na kara ta a kan wanda ke jikin riga, rubutu yana kallon sama, nan ma ta zauna daidai.

"Duka biyun na hagu ne, Umma. Kamar a sayo wa mutum takalmi ƙafa biyu, duk na ƙafa ɗaya. Su masu takardar nan, bayan hannunsu ya fi gabansa cika. In an yanki na farko, sai an kifa takardar kafin a yanki na biyu. Abin da ɗige-ɗigen nan ke nufi ke nan."

Ta karɓi takardar. Ta kifa ta, ta mayar, ta sake kifawa. Ta daɗe tana kallo.

"Da na ninka yadin," ta ce, muryarta can ƙasa, "da sun fito dama da hagu da kansu."

"Haka ne."

"Shekara talatin. Ni hannun da nake yankawa gabansa da bayansa ɗaya ne, ban taɓa sanin hannun riga yana da dama da hagu ba. Amma hannuna ya gaya min in ninka. Sau biyu na ɗauki bakin yadin zan ninka."

Ta zauna a kujerar keke. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai na ga hawaye yana bin kumatunta. Na juya kaina wajen taga.

"Mai Keke, ka san ko harafi ɗaya ban iya karantawa a takardar nan ba? Yana karantawa ina gyaɗa kai kamar na gane. Kunya ta hana ni in ce masa a'a. Na ce wanda ya yi karatu, ya je har ƙasar waje, ni wace ce?"

"Umma..."

"Bari in gama. Kana ganin ƙin ka nake yi? Yarinyar nan tana shekara biyar ta kwanta rashin lafiya, Abbanta ya yi tafiya. Aka ba ni kwalabe biyu a asibiti, aka yi min bayani da sauri, kafin in iso gida na manta wanne ne cokali ɗaya, wanne ne rabi. An rubuta a jiki. Ina kallon rubutun yana kallona. Na goya ta, jikinta kamar wuta, na bi gida-gida ina neman wanda zai karanta min. Sai a gida na biyar na samu. Matar ta karanta, ta kalle ni ta ce, ke ko wannan ba ki iya ba? Ranar na yi wa kaina alkawari. 'Yata za ta yi karatu, kuma ba za ta zauna a gidan jahilci ba."

Kalmar ta soke ni, amma na san ba da ni kaɗai take ba.

Na durƙusa a gefen keken.

"Umma, ban ce karatu ba shi da amfani ba. Da na samu da na yi. Mahaifina ya rasu, ni ne babba, shi ke nan. Ina karanta Hausa a hankali, Malama ta fara koya min Turanci kafin ki hana. Ba zan yi miki alkawarin zama Manaja ba, ba zan iya ba. Amma duk gidan da Malama ta shiga ai akwai mai karatu a ciki, ke kika tabbatar da haka da keken nan. Ni kuma abin da ban sani ba, ba na jin kunyar tambaya. Ko gida goma ne zan bi."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta jawo ragowar yadin ta baje. Ƙyallaye ne, babu wanda ya kai tsawon hannu. Irin yadin kuma babu shi a kasuwarmu.

"Shi ke nan, na ɓata wa yarinya riga," ta ce.

Gane ciwo na iya, maganin ba ni da shi.

Sai na ga ta ƙura wa hannun ido. Hannu ne mai faɗi, yana buɗewa har ƙasa. Ta ɗauki takardar ta kifa a kansa, ta zame ta ƙasa kaɗan, ta ƙara zamewa, har duk kan takardar ya hau lafiyayyen yadi, wurin da ya zare ya fita waje. Ta auna da yatsu.

"Yatsa huɗu zai ragu. In rage ɗayan ma yatsa huɗu. Ƙyallayen nan su zama baki, in kewaya wa duka biyun." Muryarta ta dawo irin wadda na sani. "Kai, riƙe min nan. Kada ka bari ta motsa. Ba da yatsa ɗaya ba, da tafin hannu!"

Na danne takarda, ta zana da alli, ta soka fil. Da ta ɗauki almakashi ta yi bisimilla, na ji numfashina ya tsaya har sai da ta kai ƙarshe.

Tsaga ɗaya ta sami ɗaya. Biyu suka sami biyu.

Muna ɗagowa muka ga Malama a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji, tana kallon kawunanmu biyu a kan tebur ɗaya.

"Me kike kallo?" in ji Umma. "Jona min dutsen guga."

* * *

Keke ya yi ta tafiya, muryarsa sumul. Ni na koma gefe ina tsince fil daga ƙasa ina mayarwa a gwangwani, don in sami dalilin zama. Kafin rana ta sauka bayan katanga Umma ta yanke zare, ta miƙa wa Malama rigar.

Ta shiga ɗaki ta fito.

Ban san yadda zan kwatanta ba, ni ba mai kalmomi ba ne. Kafaɗun biyu sun zauna kamar a jikinta aka halicce su. Bakin da Umma ta ƙara wa hannuwan ya fi na hoton ambulan kyau.

"Ɗaga hannu," in ji Umma. "Sama. Miƙa gaba kamar za ki karɓi takardar. Yana ɗame ki?"

"Ko kaɗan, Umma."

Umma ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta jingina da bango. Ni ma sai a lokacin na ji bayana yana ciwo.

Can ta juyo gare ni.

"Tun yana nan ka gane, ko?"

"E, Umma."

"Me ya hana ka faɗa? Da ka kunyata shi a gabanta, ka huce."

"Shi ya karanta, amma almakashin a hannunki yake. Da na faɗa, har ke kunyar za ta shafa."

"In ya tambaye ka me ya sami keken fa?"

"Mai na sa masa. Abin da na yi ke nan."

Ta yi wani ɗan sauti a hanci, ban san ko dariya ba ce.

Malama ta zube a gabanta, ta kama gwiwoyinta.

"Umma, don girman Allah ki dube ni. Ban taɓa ƙetare maganarki ba. Kin ce kada in kira shi, ban kira ba, wata uku wayata na hannuna kamar garwashi. Duk abin da na zama ke ce. Ba na son in shiga ɗakin aure ina waiwayen fuskarki. Amma Umma, in kin ce a'a ranar Lahadi, zan bi, sai dai ba zan ƙara..."

"Ke, tashi! Za ki ɓata min riga da hawaye ban ko kalmashe ta ba. Je ki cire."

Malama ba ta tashi ba. Umma ta ɗora hannu a kanta, ta bar shi a nan.

"Kujera nawa makaranta ta ba mu ranar Asabar?"

"Uku, Umma."

"Ni, da Abbanki." Ta murza ɗan guntun alli a yatsunta. "Mai Keke, kana da rigar kirki?"

Na gyaɗa kai.

"Ƙarfe tara ake farawa. Ka kankare baƙin man nan daga farcenka, kada ka zauna kusa da ni kana warin kananzir."

"Umma!" Malama ta ɗago, tana kuka tana dariya. "Lahadi fa? Me za ki ce wa Abba?"

"Abin da zan gaya wa mijina, mijina zan gaya wa. Ke dai ki daina kumbura ido, hoto za a ɗauka."

"Manaja fa?"

"Ni na jawo shi, ni zan ba shi haƙuri. Mutumin kirki ne, yadinsa ma mai kyau ne. Tashi mana!"

Malama ta tashi da gudu ta shige ɗaki. Ina jin ta a ciki tana dariya ita kaɗai. Ta miƙo rigar ta bayan labule.

Ni kuwa na tsuguna ina haɗa kayan aikina, ina sa kowane ƙarfe a gurbinsa a hankali, don in na yi sauri hannuna zai tona min asiri. Ƙirjina wasai, kamar an buɗe taga.

Umma ta koma kan keke za ta kalmashe ƙasan rigar. Tana taka feda zare ya tsinke. Ta lashi bakinsa ta nufi ramin allura, ya wuce ta gefe. Ta sake, ya lanƙwashe. Hasken taga ya yi ƙasa. Ta gwada na uku ta yi tsaki.

Na ajiye akwatin. Na sa hannu na karɓi bakin zaren, na datse shi da almakashi, na zura, na ja shi baya ta ƙarƙashin ƙafar keken.

Ba ta kalle ni ba. Ta gyara zaman yadin, ta taka feda.

Na ɗauki akwatina na fita, ƙarar keken tana bina har bakin ƙofa.